Ɗakin da Lorna Ta Gina a Kan Jan Layi

Lorna Vasko ta fi shekara ashirin tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta a unguwarmu, kuma duk wanda ya taɓa zama a bayanta zai faɗa maka ba ta buƙatar ɗaga murya. Da ta ɗago ido ta kalle ka ta madubi, shi ke nan ka nutsu. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, gashinta ya yi fari tun ba ta kai hamsin ba, kuma ba ta taɓa yarda na rina mata shi ba, duk da cewa gyaran gashi ne sana'ata. Ni ce Renata, maƙwabciyarta. Shinge ɗaya ne ya raba gidana da nata a kan Titin Harker, can bayan gari a arewacin Ohio.

A kan titin nan aka haife ta, tun lokacin da gonakin tuffa ne dama da hagu. Mahaifinta ne ya gina gidan da hannunsa: siriri, mai bene, kicin da ɗan falo a ƙasa, ɗakunan kwana da banɗaki a sama. Da ta auri Emmett, mai gyaran injin ɗumama gidaje, shi ne ya kwaso kayansa ya dawo gidan, don ta gaya masa tun kafin biki cewa ita fa babu inda za ta. Suka haifi 'ya ɗaya, Corinne, wadda ta girma ta tafi aiki Columbus.

Muna zaune gari ya taho ya same mu. Gonakin suka zama rukunin gidaje, motoci suka yi yawa har fita daga ƙofar gida da safe ya zama aiki. Daga nan hukumar tsara gari ta ce za a faɗaɗa titin. Sai dai ba su tsayar da ɓangaren da za a ci ba. Suka zana taswira biyu, ɗaya ta ci gefenmu, ɗaya ta ci tsallake, suka ja jan layi a kowane gefe. Abin da duk ya faɗa tsakanin layi da titi, ba a gini a kansa, ba a ƙari. Kana iya fenti, kana iya toshe rufi in yana yoyo, amma ɗora sabon abu sai an yanke shawara. Shekaru suka yi ta wucewa ba a yanke ba. Muka saba da jan layin kamar yadda ake sabawa da ciwon baya.

A tsallake, daidai ƙofar su Lorna, Hollis Brandt yake zaune. Tsohon direban babbar mota ne, matarsa ta rasu, gidan nan shi ne duk abin da ya mallaka. Shi da Emmett abokan kamun kifi ne, kowace Asabar ta rani tare suke tafiya tafki. Bambancinsu ɗaya: a gefenmu jan layin farfajiya kawai ya ci, amma gidan Hollis ya fi kusa da titi, layin ta tsakiyar falonsa ya ratsa. In aka zaɓi gefensa, gidan gaba ɗaya ya tafi.

Farkon bazarar wata shekara Emmett ya faɗi a ɗakin ƙasa na gidan wani da yake yi wa gyara. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Daga asibiti aka kai shi gidan jinya inda ake koya masa zama da cin abinci da hannun hagu. Lorna ta ajiye aikin bas, kullum tana can. Kalmomin da suka rage masa ba su da yawa, amma akwai ɗaya da ba ta ɓace ba. Duk sanda ta miƙe za ta tafi sai ya riƙe mata gefen riga ya ce, “Gida.”

Da rani ya yi nisa sai masu gidan jinyar suka kira ta. Suka ce sun yi iyakar abin da za su iya, gadon kuma wani na jira. In akwai ɗaki a ƙasa mai banɗaki, da hanyar da keken guragu zai bi, za su sallame shi ya koma gida. In babu, za su mai da shi gidan kula da tsofaffi da ke da gurbi, can wata gunduma mai nisa.

Falon su Lorna keken ma ba ya shiga ƙofarsa. Ta bayan gidan kuwa ramin sokawe ne, daga nan sai gangare zuwa rafi. Wuri ɗaya ne kawai ɗaki zai zauna, a gefen kicin inda suke ajiye mota, kuma fiye da rabin wurin yana cikin jan layi.

Ni na raka ta ofishin tsara gari. Mutumin da ya saurare mu, Mista Pruitt, ba mugu ba ne, har kujera ya jawo mana. Ya buɗe taswira, ya ɗora yatsa a kan gidanta.

Ya ce, “Malama Vasko, nan ne matsalar. Ba zan iya ba ki izini a nan ba.”

Ta ce, “To yaushe za ku yi titin?”

“Ba a sa rana ba tukuna.”

“A gefenmu ne ko a tsallake?”

“Shi ma ba a tsayar ba.”

Ta kalle shi, irin kallon nan na madubi. Sannan ta ce, “Yallaɓai, tun 'yata tana sakandare kuke cewa ba a tsayar ba. Yanzu furfura ta fara fito mata. Mijina yana kwance a ɗakin da ba nasa ba, kai kuma kana gaya mini filin da ubana ya saya an ajiye wa motocin da ba su zo ba.”

Ya ce ya fahimta, wallahi ya fahimta, amma hannunsa a ɗaure yake. Abin da zai iya shi ne ya sa sunanta a zaman kwamiti, su ne masu ikon ɗaga ƙafa. Zaman kuwa sai ƙarshen kaka.

Ta ce, “Gidan jinya ba za su jira ƙarshen kaka ba.”

Ya buɗe hannuwa.

Muka kamo hanyar gida a mota. Da muka tsaya sai ta kashe injin ta ce, “Renata, kin san lambar Dale kafinta?”

Na ce, “Ke Lorna, kada ki ja wa kanki.”

“Lambar na tambaye ki, ba wa'azi ba.”

Dale Kowalik tsohon abokin aikin Emmett ne, ya daɗe da ajiye guduma. A cikin mako suka zuba siminti, suna cewa duk wanda ya tambaya wurin ajiye mota ake gyarawa. Ranar Asabar kuwa da sassafe sai ga Dale da wasu tsofaffi daga cocinmu da motar katako. Babu wanda bai haura sittin ba a cikinsu. Suna aiki suna tsokanar juna.

“Kai Dale, wannan bangon naka ya karkace ko kai ne ka karkace?”

“Rufe mana baki, tsohon banza. Riƙe katakon da kyau, hannunka sai rawa yake kamar na mai jin sanyi.”

Dariya suke yi, amma kowa ido ɗaya yana kan titi. Duk farar mota irin ta hukuma da ta rage gudu sai gudumomi su tsaya.

Hollis yana tsaye a ƙofarsa tun da aka fara, ya harɗe hannuwa a ƙirji. Bai tsallako ba. Da rana ta ɗaga Lorna ta zuba kofi a kofi biyu, ta jira motoci suka tsagaita ta tsallaka. Ina bakin shinge, ina jin su.

Ta ce, “Ungo. Tun safe kake tsaye kamar ɗan sanda.”

Bai karɓa ba. Ya ce, “An ba ki izini?”

“Ɗakin abokinka ne, Hollis.”

“Na san ɗakin wane ne. Izini na tambaya.”

“Ba a ba ni ba.”

Ya girgiza kai. “Kin san abin da kike yi mini? Yau ke, gobe Renata, jibi na gaba da ita. Duk ku cika gefenku da gini. Ranar da za su zauna su zaɓa, za su duba inda diyya ta fi sauƙi. Ina ne? Nan. Gidan tsoho guda wanda babu mai tsaya masa.”

“Ɗaki ɗaya ne.”

“A wurinki ɗaki ɗaya ne. A wurina gidan ne gaba ɗaya.”

Ta ce, “To me kake so in gaya wa Emmett?”

Ya kawar da kai. Ta ajiye kofin a kan akwatin wasiƙunsa ta dawo. Har yamma kofin yana nan.

Kafin rana ta faɗi ran Lahadi bango huɗu sun tsaya, saura rufi. Dale ya ce ran Talata za a kawo kayan rufin. Ran Litinin da hantsi farar motar hukuma ta tsaya a ƙofar gidan. Sufeton ya zagaya ginin, ya ɗauki hotuna, ya manna jar takarda a jikin katako. Ya ce daga yanzu ko ƙusa ɗaya aka buga, tara ce kowace rana, kuma hukuma na iya zuwa ta rushe da kanta.

Lorna ta ce, “Ruwa fa? Ka ga hadari.”

Ya ɗaga kai ya dubi sama. Ya ce, “Tamfol ba gini ba ne. Amma kada in ga an kafe shi da ƙusa.”

Da igiya da bulo muka danne tamfol ɗin. Kakar nan kuwa ruwa ya yi ta sauka kamar da gayya. Iska ta taso ta yaye shi, mu fita mu ja, ya tara ruwa a tsakiya ya lotsa, mu tokare shi da sanda ruwan ya kwararo mana a ka. Katakon ya fara baƙi daga ƙasa. Dale yakan zo ya danna shi da babban yatsa, ya juya ya tafi. Masu wucewa a mota sukan rage gudu su karanta jar takardar. Gidan jinya kuma suka sake kira: an sami gurbi a can gundumar, ba za a riƙe shi har abada ba. Lorna ta je ta roƙe su, suka ce za su jira zaman kwamiti, amma ko kwana ɗaya ba za su ƙara ba.

Ana cikin haka Corinne ta zo daga Columbus. Tun daga mota ta fara.

“Mama, me na gani haka? Gini ba izini? Da shekarunki?”

“Sannu da zuwa. Kin ci abinci?”

“Mama, kada ki canza magana. Za su iya kai ki kotu. Wurin da suka samar wa Baba na duba shi, ba laifi, akwai ma'aikata dare da rana.”

“Kin je?”

“Na gani a waya.”

“To ni na je. Na ga mutanen da aka jera a gaban talabijin tun safe, babu mai ce musu ci kanku. Ubanki zai mutu a can kafin Kirsimeti, ba ciwo ne zai kashe shi ba.”

Corinne ta fashe da kuka. Ta ce, “Ke kuma wa zai ɗauke ki in bayanki ya karye wajen ɗaga shi? Ni kaɗai gare ku, kin manta?”

Lorna ta miƙa mata igiya ta ce ta kama wancan gefen tamfol ɗin, iska na tasowa.

Ranar zaman kwamiti rabin titinmu ya je. Ba wanda ya shirya, amma mutanen gefenmu suka zauna a dama, na tsallake a hagu, kamar dangin ango da na amarya da ba sa shiri. Shugabar kwamitin, Malama Adair, ta kira batun. Mista Pruitt ya karanta dokar da muryar mai ba da haƙuri. Aka tambaya ko akwai mai ja.

Hollis ya miƙe da hularsa a hannu. Ya ce, “Kafin kowa ya ci gaba da raɗa, ni ne na kira sufeto. Ni ne. Ba na ɓoyewa.”

Wani daga gefenmu ya ce, “Kunya dai ba ta ishe ka ba.” Malama Adair ta buga tebur.

Hollis bai juya ba. Ya ce, “Emmett Vasko abokina ne tun kafin wasunku su iya tafiya. Amma ni ma shekarun nan duka ban ƙara ko rumfa ba. Na sa gidan a kasuwa, duk wanda ya zo ya ji labarin layi sai ya juya. Matata ta roƙe ni in yi mata baranda ta riƙa shan iska, na ce ta bari a yanke shawara. Ta mutu ba a yanke ba. Na bi dokarku. Yanzu in kun ba wanda ya karya ta, ku gaya mini me zan ce wa kaina.”

Ya koma ya zauna. Ko mu na dama sai muka sunkuyar da kai.

Aka kira Lorna. Ba ta zo da takarda ba. Ta ce, “Gaskiya ya faɗa, na karya doka, na sani kuma lokacin da nake karyawa. Ban zo in ce titin bai kamata ba, na tuƙa bas a kansa, na fi ku sanin yadda yake cin mutane. Ku zo gobe da motocinku ku fara, wallahi ni zan dafa muku kofi. Abin da ba zan iya ba shi ne jira. Ku kuna da lokaci. Mijina ba shi da shi.”

'Yan kwamitin suka haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa da lauyan hukuma. An daɗe. Corinne tana riƙe da hannuna har farcenta ya shiga fatata. Daga ƙarshe Malama Adair ta ce akwai hanya ɗaya. Za a bari a ƙarasa ɗakin, amma da sharaɗi: ranar da titi ya zo ta gefenmu, masu gidan ne za su rushe shi da kuɗinsu, kuma babu diyyar ko ƙusa ɗaya. Ta haka ɗakin ba zai shiga lissafi ba ranar zaɓen gefe. Sharaɗin kuma zai bi gidan, ko an sayar ko an gada. Dole duk masu gidan su sa hannu a gaban mai shaida ta hukuma, wadda za ta buga hatimi.

Corinne ta raɗa mata, “Mama, kada ki yarda. Duk abin da kuka tara za ki zuba a ɗakin da za ki rushe da hannunki. Wa zai sayi gida da wannan a wuyansa?”

Lorna ta miƙe ta ce, “Na yarda.”

Lauyan ya ce, “Sunan mijinki ma yana kan gidan. Sai mai shaida ta tabbatar ya fahimci abin da yake sa wa hannu. In ba ta gamsu ba, sai kin bi ta kotu a ba ki ikon sa hannu a madadinsa.”

Kowa a ɗakin ya san bin kotu watanni ne.

Washegari muka tafi gidan jinya, ni da Lorna da Corinne da mai shaidar, wata mata mai tabarau da ba ta murmushi. An zaunar da Emmett a kekensa kusa da taga, an taje masa kai. Ya rame ƙwarai. Matar ta karanta masa sharaɗin a hankali, ta rufe takardar ta ce, “Malam Vasko, faɗa mini da bakinka abin da ka ji.”

Ya buɗe baki. Babu abin da ya fito sai wani sauti. Ya sake gwadawa, jijiyar wuyansa ta tashi, yawu ya gangaro ta gefen da ya shanye.

Lorna ta ce, “Tsoho, yi a hankali, abin da take nufi shi ne...”

Matar ta ɗaga hannu. “Malama, in kika sa masa magana a baki, na tashi.”

Lorna ta kama bakinta da hannu biyu. Emmett ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa, ya bugi hannun keken da tafin hagu don haushi. Matar ta dubi agogo, ta fara mai da biro cikin jaka.

Sai Corinne ta durƙusa a gabansa, ta goge masa baki da hannun rigarta. Ba ta ce komai a kan takardar ba. Ta ce, “Baba, ba sauri muke ba. Numfasa.”

Ya numfasa. Ya rufe ido. Sannan, kalma ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɗauko duwatsu daga rijiya, ya ce, “Titi... ya zo... a rushe.”

Matar ta dakata. Ta ce, “Za a biya ku?”

Ya girgiza kai. “Babu.”

“Duk da haka ka yarda?”

“Gida,” in ji shi, da ƙarfi har ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

Ta zaro biron ta sa masa a hannun hagu. Sa hannun ya fito a karkace kamar na ɗan aji ɗaya, ta buga hatiminta a ƙasa.

Da aka cire jar takardar, Dale ya ce wasu katakan ƙasa sun ruɓe, sai an canza. Tsofaffin nan suka dawo cikin sanyi, yatsunsu na ƙagewa, masu hasashen yanayi kuma suna ta cewa dusar ƙanƙara na tafe. Suna buga layin ƙarshe na rufi ta fara sauka. Ba a yi fenti ba, ba a sa labule ba, aka kawo Emmett gida a motar asibiti. Da aka turo shi ta sabuwar ƙofar ya shaƙi ƙamshin katako da na miyar da ke kan wuta a kicin, sai ya sunkuyar da kai ya yi ta kuka. Lorna ta ce masa, “To ya isa haka, tsoho, kada ka jiƙa mini sabon daɓe.”

Ya yi hunturu biyu a ɗakin. Wahalar da Corinne ta faɗa duk ta tabbata: bayan Lorna ya ƙage, ta rame, wata rana na same su su biyu a ƙasan banɗaki, ta kasa ɗaga shi, suna zaune suna jiran wanda zai shigo. Amma ya ci abincin gidansa, ya ga Kirsimeti biyu, ya koyi zagin Dale da kalmomi uku. Tagar ɗakin tana kallon titi, kuma kullum da safe yakan ɗaga hannun hagu in Hollis ya fito ɗaukar jarida. Hollis yakan tsaya, ya ɗaga nasa, ya koma ciki. Bai taɓa tsallakowa ba. Lorna kuma ba ta kira shi ba. Ranar jana'izar Emmett ya zo coci, ya zauna a bencin ƙarshe, ya fita kafin a idar.

Shekara ba ta zagayo ba hukuma ta yanke shawarar da aka daɗe ana jira. Gefenmu aka zaɓa. 'Yan safiyo suka zo suka kafa turaku masu jan ƙyalle, ɗaya a tsakiyar furannina, ɗaya daf da tagar ɗakin Emmett. Aka ba Lorna wa'adi zuwa ƙarshen rani. Corinne ta ce a nemi lauya, ta ce a'a, da hankalinta ta sa hannu, shi ma da nasa.

Dale ne ya zo rushewa, da mutum biyu cikin waɗanda suka gina, sauran ko sun mutu ko ƙafa ta hana. Babu tsokana a wannan karon. Lorna da kanta ta cire ƙarfen da Emmett yake kamawa a banɗaki, ta kai wa wata mata a coci da mijinta ya karye a ƙugu. Da yamma babu abin da ya rage sai simintin ƙasa da ƙofar kicin da aka toshe da falanki.

Da kaka ta shigo sai muka ji a rediyo cewa kuɗin aikin bai samu ba, an ɗage shi zuwa wani lokaci. Ba a faɗi lokacin ba. Turakun suna nan har yau, ƙyallen ya koɗe. An ɗage jan layi daga tsallake, Hollis ya sayar da gidansa cikin wata guda ya koma wurin ƙanwarsa a Toledo. Ranar da zai tashi na gan shi ya zo har bakin kwalta ya tsaya yana kallon simintin. Motoci suna ta wucewa, ya jira, ya jira, da hanya ta buɗe kuma sai ya juya ya shiga motarsa.

Corinne tana ta fama da uwarta ta koma Columbus. Lorna ta ce sai ta ga motar da za ta fara fasa kwalta da idonta. Ta koma makarantar da ta yi wa aiki, yanzu ita ce mai tsallakar da yara a mahaɗar da ke sama da mu, safe da rana, da rigar nan mai ƙyalli da allon tsayawa a hannu. Jiya da na wuce na ga ta tsayar da wata babbar motar siminti, direban yana ta danna ham, ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba sai da yarinyar ƙarshe ta hau tudun gefen titi.